Ƙarfen Da Ke Juyawa A Bidiyon TikTok: Me Zai Hana Ɗan Aliero Ya Koyi Sarrafa Shi?

Ka san bidiyon nan da kake tsayawa kai ba tare da ka yi niyya ba: guntun ƙarfe yana juyawa a hankali, wuƙa tana fere shi kamar ana feren rake, kafin minti ɗaya haƙoran giya sun fito sumul. Ka danna alamar so, ka wuce. To injin nan CNC ne, injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, kuma asalinsa ba na jiya ba ne, tun 1952 aka nuna na farko a jami'ar MIT ta Amurka. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne mutumin da ya zauna ya tsara wa wuƙar hanyar da za ta bi. Shi ne ake biya da tsoka.

Tambayi duk mai noman albasa a Aliero ko mai shinkafar rani a fadamun Jega da Maiyama abin da ke faruwa ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye a injin ban ruwa ko injin casa. Mai walda zai ɗinke, ya riƙe kwana biyu. In ya sake ɓallewa sai a fara aike Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, shuka kuwa ba ta jiran direba. Galibin irin waɗannan ƙarafa masu zagaye ne: shaf mai tsagi, kan noti mai fuska shida, ko murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tura tattasai a injin markaɗe. Irin aikin da aksis na huɗu ya fi ƙwarewa a kai ke nan.

Injin da aka saba yana da hanyoyin motsi uku: X hagu da dama, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Na huɗu, wanda ake kira A, ba tafiya yake ba, juya kayan aikin yake a kan layin X, kamar mai tsire yana juya tsinke a bakin wuta. Ba a auna shi da milimita, da digiri ake yi.

Amfani da shi iri biyu ne. Na farko juya-ka-tsaya: injin ya juya ƙarfen, ya kulle, wuƙa ta yi yanka, ya sake juyawa. Kan noti mai fuska shida, digiri 60 sau shida, shi ke nan. Tsofaffin gwanaye da hannu suke yin wannan, suna murza na'urar raba zagaye wadda juyi 40 na hannunta ke ba da zagaye ɗaya. Na biyu shi ne inda ake juyawa ana yanka lokaci guda. Ka rubuta G1 X40 A360, wuƙa za ta yi tafiyar milimita 40 yayin da ƙarfen ya yi cikakken zagaye ɗaya. Ga murɗin injin markaɗe ya fito.

A manhajar CAM kuma akwai dabarar naɗewa. Za ka zana abin a shimfiɗe kamar kan takarda, manhajar ta naɗe shi a jikin ƙarfen. Lissafin ajin sakandare ne: ƙarfe mai kaurin milimita 50, kewayensa wajen 157, saboda haka kowace milimita ɗaya ta zanen ta koma kusan digiri 2.3. Ka shigar da kaurin da ba daidai ba, zanen zai miƙe ko ya tsuke. Wancan lissafin da ka ce ba zai taɓa yi maka amfani ba, ga shi nan ya biyo ka har gida.

Inda sababbi ke cin duka shi ne sifili. A aikin juyi, sifilin Y da Z a tsakiyar juyawar ake ajiye shi, ba a saman ƙarfen ba. Kuskuren rabin milimita a nan ba rabi yake tsayawa ba. Wuƙa za ta ci rabin a fuska ɗaya, a juya digiri 180 ta sake cin rabi a ɗaya fuskar, noti ya rame da milimita guda cur, sifana ta riƙa zamewa. Ka yi asarar ƙarfe, ka yi asarar man janareta, mai kaya kuma yana tsaye a kanka.

Sai gudun yanka. Yawancin injuna, in A kaɗai ke motsi, suna karanta lambar F a matsayin digiri a minti. F200 a ƙarfe mai kaurin milimita 20 yanka ne na kusan milimita 35 a minti, tafiyar hawainiya. Lambar nan dai a kauri 200 ta kai wajen 350, sai ka ji ƙas, wuƙa ta tafi. Maganin shi ne G93, inda kake gaya wa injin tsawon lokacin da motsin zai ɗauka: F2 na nufin rabin minti. Wanda ke rubuta wannan shi ne fos-furosesa, tafintan da ke mayar da zanenka zuwa yaren takamaiman injin da ke gabanka. Tafinta ya yi kuskure, A ya juya baibai, rubutu ya fito kamar a madubi. Shi ya sa ake fara gwadawa a iska, wuƙa a ɗage, sannan a kan icce, kafin a taɓa ƙarfe.

Za ka ce ina injin yake? Gaskiya yana da tsada, kuma da wutar Kaduna Electric kaɗai ba za ka yi alƙawarin aiki ba. Amma shi tsarawar laftof take buƙata. FreeCAD kyauta ce gaba ɗaya, sigarta ta 1.0 ta fito a Nuwamban 2024, sai dai ɓangaren juyinta bai nuna sosai ba. Fusion ta Autodesk ta fi laushin hannu, amma ka lura: lasisin kyauta na amfanin kai an cire masa aikin aksis da yawa tun 2020. Lasisin ɗalibai shi ne hanya, don haka in kana jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko Waziri Umaru a Birnin Kebbi, katin makarantarka ya fi abin da kake zato daraja. Ke ma ɗalibar injiniyanci, aikin nan ba ƙarfin damtse yake so ba. Darussan Titans of CNC kyauta ne a intanet, datan da ke tafiya a kallon rigimar mawaƙa za ta ishe ka.

In kun haɗa kuɗi kun sayi ƙaramin injin icce, ku sani GRBL da ke kan Arduino Uno aksis uku kawai take ɗauka. Masu wayo sai su cire wayar Y su jona ta a na'urar juyi, a yi aikin naɗewa da haka. LinuxCNC kuwa tana ɗaukar har tara, ita ma kyauta. Da wannan za ku iya sassaƙa ƙafar gado ko ta kujera ga kafintocin kasuwar Jega, kuɗin ya fara shigowa tun kafin a kai ga ƙarfe.

Kafin nan, je wurin mai injin markaɗe na unguwarku ka roƙi murɗaɗɗen ƙarfen da ya cinye aka jefar. Auna kaurinsa, auna tazarar da ke tsakanin murɗi da murɗi, ka zana shi, ka ga ko lambar X da ta A za su fito maka daidai.