Koyar da Ƙananan Yara Turanci a Ƙasar Baƙunci: Darasi daga Minawao

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu muna da dangi ko abokai waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga gidajensu. Waɗansu suna nan cikin ƙasa, waɗansu kuma sun ƙetare iyaka. A wannan fitowa za mu duba aikin malaman da ke koya wa ƙananan yara Turanci a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, a ƙasar Kamaru. Aiki ne mai daɗi, mai wuya kuma. Abin da ke faruwa a azuzuwansu zai taimake mu mu gane abin da yaranmu ke fama da shi a makarantun ƙauyukanmu.

Ina ne Minawao?

Minawao yana Yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kusa da garin Mokolo, a ƙasar duwatsun Mandara. Gwamnatin Kamaru da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wato UNHCR, suka buɗe sansanin a shekarar 2013. Yawancin mutanen daga jihar Barno suka fito, musamman wajajen Gwoza, Bama da Banki. Da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agusta na 2014, sai jama'a suka yi ta kwararowa. A shekarar 2021 mazauna sansanin sun haura 60,000, kuma yara ne suka fi yawa.

Don me Turanci, ba Faransanci ba?

Kamaru tana da harsunan gwamnati biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba ƙasar, wadda da take hannun Jamus, tsakanin Faransa da Ingila. A 1961 aka yi ƙuri'a a ɓangaren Ingila. Mutanen kudu suka zaɓi Kamaru, mutanen arewa kuma, har da Gwoza da Bama, suka zaɓi Nijeriya. Shi ya sa yau yankuna 8 cikin 10 na Kamaru suna aiki da Faransanci, 2 kuma da Turanci, kowane ɓangare da tsarin makarantunsa.

Minawao yana tsakiyar ƙasar Faransanci. Duk da haka an sa makarantun sansanin a tsarin Turanci na Kamaru, domin yaran 'yan Nijeriya ne, kuma ana sa zuciya za su koma gida. A watan Maris na 2017 Nijeriya da Kamaru da UNHCR suka sa hannu a kan yarjejeniyar komawa gida bisa son rai, a 2021 kuma waɗansu iyalai suka koma Banki da Bama. Yaron da ya koma ba ya jin Turanci zai sha wuya a makarantar Nijeriya. To, ka ga nauyin da ke kan malamin aji ɗaya ba ƙarami ba ne.

Wahalolin aikin

1. Harsuna da yawa a kunnen yaro ɗaya. A gida yaro yana jin Glavda, Mafa, Barbarci ko Hausa. A kasuwa yana jin Fillanci, domin shi ne harshen ciniki a arewacin Kamaru. Ma'aikatan gwamnati suna Faransanci. Turanci kuwa sai a cikin aji. Idan an tashi makaranta, ba wanda zai ƙara yi masa shi sai gobe.

2. Sautukan da baki bai saba da su ba. Mai jin Hausa yakan haɗa p da f, sai kalmomin “pan” da “fan” su zama abu ɗaya a bakinsa. Harafin v yakan koma b. Turanci yana jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakaninsu, mu kuwa sai mun sa wasali. Ta haka muka sami burodi, benci da sukudireba. A Barbarci da Fillanci kuma kalma ɗaya ce ke tsaya wa namiji da tamace, don haka yaro zai daɗe yana rikita “he” da “she”. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Harshensa na fari ne ke yi masa jagora.

3. Rubutun da bai bi furuci ba. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44. A Hausa harafin c sauti ɗaya gare shi, kamar a cikin ci da ciki. A Turanci yana da wani sauti a “cat”, wani dabam a “city”. A kalmar “knife” ana rubuta k amma ba a faɗinsa.

4. Yawan yara. Akwai lokutan da aji ɗaya a Minawao ya wuce yara 100. Harshe kuwa da baki ake koyonsa. Idan darasi minti 30 ne, aka raba wa yara 100, kowane yaro bai sami ko sulusin minti ba. Sai malami ya koma ga “ku faɗa bayana”. Yara su yi ta rerawa tare, murya ta tashi, amma waɗansu ba su san ma'anar abin da suke faɗi ba.

5. Yunwa da tsoro. Yaron da bai karya ba, ko wanda ya ga abin firgita a hanyar gudu, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Wani ya yi shekara biyu ko uku ba makaranta, sai ga ɗan shekara 11 a benci ɗaya da ɗan shekara 6, kunya ta hana shi buɗe baki.

6. Malamin ma baƙo ne. Waɗansu malaman 'yan gudun hijira ne, su ma sun bar gonaki da 'yan'uwa a baya. A sansanoni da yawa ɗan abin hasafi ake ba irin waɗannan malamai, ba cikakken albashi ba. Dole kuma su koyi manhajar wata ƙasa kafin su koyar da ita.

Daɗin aikin

Ƙananan yara suna da kunne mai kaifi. Sukan kama furucin sabon harshe fiye da manya, ba su kuma jin kunyar kuskure idan ba a yi musu dariya ba. Sau da yawa yaro yakan yi makonni, har watanni, bai ce uffan ba a sabon harshe. Masana sun san wannan lokacin shiru: yaron yana tarawa ne a ciki. Ranar da ya ɗaga hannu ya nemi izinin shan ruwa da jimlar da shi ya haɗa da kansa, ranar malami yakan manta da gajiyarsa.

Akwai daɗin ganin yara masu harsuna dabam dabam, Kirista da Musulmi, suna tafi suna wasa ɗaya. Akwai daɗin ganin yarinya ta karanta wa kakarta abin da aka rubuta a katin asibiti. Ga yaron da ya rasa gida, sanin cewa kowace safiya akwai aji, akwai malami mai kiran sunansa, yana kwantar masa da rai. Malamin ma yana ƙaruwa, domin yara su ne ke koya masa gaisuwa da ƙirga a harsunansu.

Hanyoyin da suke aiki

Ji da faɗi kafin rubutu. Yaro ya fara jin kalma, ya aikata ta, sa'an nan ya gan ta a allo. Malami ya ce a tashi, a zauna, a taɓa kai, yana yi suna yi.

Kayan da ke kusa. Ba sai an jira littafi daga birni ba. Duwatsu, ƙwarya, cokali, karan dawa da murfin kwalba sun isa koyar da sunaye, launi da ƙirga. Ƙasa ma allo ce.

Ƙananan ƙungiyoyi. A raba babban aji gida gida, yara shida ko takwas, a sa wanda ya ɗan fi su ya ja gaba. Haka kowa zai sami damar magana.

Sauti kafin sunan harafi. Yaron da ya san sautin da harafi ke bayarwa zai iya haɗa kalmar da bai taɓa gani ba.

Kada a hana harshen gida. A 1970 Jami'ar Ife, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, ta fara wani gwaji. An koyar da waɗansu yara da Yarabanci dukan shekaru 6 na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Waɗannan yara ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Wanda ya iya karatu da harshensa ya riga ya san yadda harafi ke zama magana, ba zai sake koyon wannan ba. Bulala ko tara don yaro ya yi harshen uwarsa, tsoro kawai take koya masa.

Me za mu yi a ƙauyukanmu?

Yaranmu ma, ko da yake suna gida, baƙi ne a gaban Turanci. A garuruwanmu kuma akwai yaran da rikici ya kawo mana. Iyaye, ku ci gaba da yi wa yara tatsuniya da hira a harshenku, ba asara ba ce. Ku tambaye su kalma ɗaya da suka koya yau, su nuna muku ma'anarta, ko da ku ba ku jin Turanci. Ku tabbata sun sa wani abu a ciki kafin su fita. Matasan da suka gama sakandare za su iya tara ƙanana awa ɗaya da yamma a ƙarƙashin itace. Zumuntar mata da dattawa su riƙa leƙa malamai, musamman baƙin da aka turo daga nesa, su san inda suke kwana da abin da suke ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Harsuna nawa yaranmu ke ji kafin su shiga aji ɗaya?
2. Yaya ake yi wa yaron da ya yi harshen gida a makarantarmu?
3. Akwai yaran 'yan gudun hijira a cikinmu da ba su zuwa makaranta? Me ya hana su?
4. Wa zai ɗauki nauyin ajin yamma, a wace rana kuma za a fara?