Gashin kanti mai tef: Abin da ya kamata ki sani kafin a manna miki

Duk wadda ke leƙa shagon gyaran gashi a Legas, Ibadan ko Fatakwal ta san an shigo da sabon yayi. A da in an ce ƙarin gashi, ko dai atach ne da ake haɗawa da kitso, ko wanda ake ɗinkawa da allura a kan kitso, ko hular gashi da za ki ɗora ki cire. Yanzu kuwa ga wanda masu salun ke kira tef-in, wato gashin kanti da ake mannawa a jikin gashinki da wani siririn tef mai gam. Ba kitso, ba allura, ba zaman wuni guda. Cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi an gama, kuma in hannun ya ƙware, ko wadda ke zaune kusa da ke ba za ta gane inda naki ya ƙare na kanti ya fara ba.

Wannan sauƙin ne ya sa maganarsa ta fara yawo a unguwanninmu, daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, musamman in biki ya matso. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mutum ba in ya riga ya zauna a kujerar salun. Wannan gashi gam ne ke riƙe da shi, gam ɗin kuma a jikin gashinki yake rataye. Mai da gumi da danshi duk suna kashe gam, ga shi kuma ukun nan su ne rayuwarmu ta kullum a Kudu.

Yadda ake saka shi

Gashin yana zuwa ne falle-falle. Kowane falle faɗinsa kusan santimita 4 ne, da tef a samansa. Yawanci ana sayar da falle 20 a ƙunshi ɗaya mai nauyin giram 50, kuma cika kai yakan ci falle 40 ko fiye, ya danganta da yawan gashin mutum.

Da farko za a wanke kan da shamfu mai cire maiƙo, ba a sa kwandishina ko man kai, sannan a busar da shi sarai. Mai gyaran za ta tsaga gashin daga ƙeya, ta ɗebo ɗan siririn layi na gashinki, ta manna falle ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗaya a samansa, ta matse. Gashinki ya zama yana tsakiya ke nan. Haka za ta yi ta hawa layi-layi, ta bar gashin gaba da na gefe da na tsakiyar kai domin su rufe tef ɗin.

Abu biyu ke bambanta gwana da 'yar koyo. Na ɗaya, ba a manna tef a jikin fatar kai, ana barin 'yar tazara kamar rabin santimita domin gashin ya riƙa motsi ba tare da ya ja saiwa ba. Na biyu, yawan gashin da ake sawa a tsakiya. In ya yi yawa, tef biyun ba za su kama juna ba, sai ya zame. In ya yi kaɗan, 'yan silin nan ne za su ɗauki nauyin duka, sai su tsinke. Idan kika tashi daga kujera kina jin kanki na ɗaurewa ko yana zafi, ki ce a gyara nan take. Tef-in da aka sa daidai ba ya ciwo.

Gashin wa ake manna miki?

Yawancin tef-in mai kyau gashin mutum ne, domin na roba ba ya jure zafin ƙarfen miƙar da gashi. Indiya na cikin manyan inda ake samo shi. A wurin bautar Tirumala da ke kusa da garin Tirupati, masu ziyara na aske kansu domin cika alwashi, hukumar wurin kuma ta yi gwanjon gashin. Birnin Xuchang na lardin Henan a ƙasar Sin kuwa ya shahara wajen sarrafa gashi da tura shi ƙasashen duniya, har da kasuwanninmu irin su Balogun da Trade Fair a Legas da babbar kasuwar Onica. Sunayen da kike ji kamar na Birazil ko na Peru, galibi sunan talla ne kawai.

A kasuwa za ki ji ana cewa Remy. Ma'anarsa gashin da aka jera silinsa duka suna kallon gefe ɗaya, daga saiwa zuwa baki, shi ya sa ba ya saurin cukurkuɗewa. Mai araha kuwa sau da yawa tsintattsen gashi ne da aka wanke da sinadari aka shafe da silikon. Yana sheƙi a shago, amma wanki biyu ko uku sai ya koma kamar soson wanka. Wani ma ana cakuɗa shi da roba. Gwajin ba wuya: ki ciri sili biyu ki sa musu ashana. Gashin mutum yana ƙauri irin na babbaka, ya zama toka mai murmushewa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule, tana warin leda.

Batun addini

Tunda gashin mutum ne, dole Musulma ta tsaya a nan. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ke tsine wa mai ƙara wa wata gashi da wadda ta nemi a ƙara mata, kuma malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin ƙari da gashin ɗan Adam. Inda suka saɓa shi ne abin da ba gashin mutum ba, kamar ulu ko zare. Hanafiyya sun sassauta a kansa, amma mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ta fi tsanantawa.

Akwai kuma batun tsarki. Tef na rufe wani sashe na gashinki ruf, ruwa ba ya ratsa shi, alhali a Malikiyya ana son ruwa ya game gashi da fatar kai a wankan wajibi, a kuma shafi kai duka a alwala. Kuma ba abu ne da za ki cire da daddare ki mayar da safe ba. Wannan tambaya ce da ya kamata a kai wa malami ko malama tun kafin a biya kuɗi, ba bayan an manna ba. Sauran bayanin da ke tafe zai amfani 'yan'uwanmu da wannan hukunci bai shafa ba, da masu sana'ar gyaran gashi, da kuma wadda ta riga ta saka tana neman yadda za ta rabu da shi lafiya.

Ba kowane kai yake karɓa ba

Tef-in ya fi kwanciya a gashi mai santsi ko wanda aka miƙar. Mai gashi irin namu mai murɗiya da ba ta sa rilaksa ba, sai an busar an miƙar kafin a manna. Matsalar ita ce gashinki da aka bari a waje yana komawa yadda Allah ya yi shi da zarar ya sha danshi, na kanti kuma yana nan a miƙe. Sai ki ga kai ya rabu biyu. Daga nan sai a shiga bin sa da ƙarfe mai zafi kullum, gashin gaba ya ƙone ya karye. Mafita ita ce a sayi mai irin murɗiyar gashinki tun farko.

Akwai waɗanda ya fi musu alheri su haƙura gaba ɗaya. Mai jego, domin gashi yakan zuba da yawa wajen wata 3 bayan haihuwa. Wadda gaban goshinta ya riga ya fara cinyewa saboda matsattsen kitso. Mai fama da amosani mai yawa ko ƙuraje a kai. Wadda ta sa rilaksa ko rini kuma ta bari a yi kamar mako 2 tukuna. Wasu fatarsu ba ta shiri da gam, don haka ki karɓi ɗan guntun tef ki manna a bayan kunne na kwana ɗaya ko biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, kin samu amsa.

Zafin Kudu, ɗankwali da man kai

Mu mun tashi da shafa mai a kai: man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun. To mai shi ne babban abin da ke sakin gam, har ma wasu magungunan cire tef ɗin da mai ake yin su. Muddin yana kanki, ba ki ba shafa mai a saiwa. Daga tsakiyar gashi zuwa baki kawai za ki iya shafawa, shi ma kaɗan.

Sai gumi. Wadda ta yi awa biyu a cunkoson motocin Legas da hula da ɗankwali da hijabi ta san yadda kai ke jiƙewa. A Fatakwal da Kalaba kuma ruwan sama kusan ba ya ɗaukewa. Gumin da ya kwana a ƙarƙashin tef yana sassauta shi, yana kawo wari da ƙaiƙayi. Shi ya sa abin da zai yi wa wata mako 8 a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ke da ke kasuwa ko bakin murhu ba lallai ya kai miki haka ba. In kin dawo gida, ki buɗe kan ya sha iska ya bushe.

Ga ƙa'idojin kula da shi a taƙaice:

- Kada ruwa ya taɓa shi kwana 2 na farko, gam ɗin bai gama kamawa ba.
- Ki wanke a tsaye, ruwa na gangarowa daga sama. Kada ki duƙar da kai cikin bokiti kina cuɗawa.
- Ki yi amfani da shamfu marar ƙarfi, kwandishina kuma kada ya kai ga tef.
- Ki busar da saiwar sosai, amma kada ƙarfe mai zafi ya hau kan tef.
- Wajen tajewa ki riƙe saiwar da hannu ɗaya, ki fara daga baki ki hau sama.
- Kada ki kwanta da jiƙaƙƙen kai. Ki yi kalaba ɗaya ko biyu sakwa-sakwa, ki ɗaura ɗankwali mai santsi.

Ranar cirewa ta fi ranar sakawa muhimmanci

A nan ne akasarin ɓarna ke faruwa. Gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, don haka tef ɗin yana ta sauka yana nisa da fatar kai, yana juyawa yana jan saiwa. Ban da haka, kowane mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Waɗanda ke cikin tef ba su da hanyar faɗuwa, suna nan maƙale. Ma'ana kullum silin da ke ɗauke da nauyin raguwa suke, matattun kuma suna dunƙulewa a gindin. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a cire tsakanin mako 6 zuwa 8. Wadda ta ce bari ta ci kuɗinta ta bar shi wata 3 ko 4, da gashinta za ta biya.

Akwai ruwan cire shi na musamman, wani mai sinadarin alkohol, wani mai mai. Ana ɗiga shi a tsakanin tef biyun, a jira, sai su rabu da kansu. In bai saki ba a ƙara, ba a fizga. Kada ki bari a sa miki kananzir ko fetur ko ruwan goge farce. Bayan an cire, a taje ragowar gam ɗin a hankali, a wanke, a yi wa kan gyara mai kyau. Ganin ɗan gashi ya biyo mataji ba abin tsoro ba ne, wanda ya zuba ne tun tuni. Abin tsoro shi ne ganin fili a kai.

Likitocin fata sun san wannan nau'in sanƙo da jan gashi ke jawowa, kuma ya fi kama gaban goshi da saman kunne. Alamunsa na farko su ne zafi, ƙananan ƙuraje a saiwa, da gashi na yin shara-shara. In an daina ja da wuri, yakan dawo. In aka yi shekaru ana maimaitawa, saiwar na mutuwa, kuma babu man da zai tsirar da ita. Duk wadda ta ga waɗannan alamu ta cire, ta ga likitan fata.

Ki yi lissafi tun daga gida

Kuɗin tef-in ba na rana ɗaya ba ne. Akwai kuɗin gashin, wanda ke bin farashin dala tunda daga waje ake kawo shi. Akwai kuɗin sakawa, da na cirewa, da na sabon tef in za a mayar, domin gashi mai kyau ana iya sake amfani da shi sau biyu ko uku. Ki tambayi mai salun duka waɗannan kafin ki zauna. Ki nemi ganin aikin da ta yi wa masu irin gashinki, ki tambaye ta da me take cirewa. In ta fara kame-kame, ki ɗauki jakarki.

In kuma don kwana uku na biki ne kawai, ki tambayi kanki ko ya cancanci wata biyu na takatsantsan. Kitso mai kyau a hannun makitsiyar da ba ta ja, da gyara da haƙuri, ba su taɓa cinye wa kowa gaban goshi ba. Gashin kanti in ya lalace ana komawa Balogun a sayo wani, naki kuwa ba a sayar da shi a can.