Sanyi da Jinin Ɗan Adam

Idan hunturu ya kama a Achika, malamin tsangaya da falke mai sammakon kasuwar Wudil ran Juma'a sukan yi wanka da ruwan randa. Sanyin nan yana tsuke jijiyoyin fata, jini ya gudu ciki, ya hau. Likitoci sun ga haka a ɗakunan sanyi na magani, waɗanda likita Yamauchi ya faro a Japan a 1978, inda mutum yakan tsaya minti biyu ko uku. Mai lafiya, da ya ji ɗumi jininsa yakan daidaita. Amma tsoho da mai hawan jini, su ɗumama ruwa tukuna. Allah Ya kiyaye, amin.