Tsuke Bakin Aljihu da Harajin Masu Matsakaicin Hali: Nazari daga Ƙasar Guri

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda nauyin tsuke bakin aljihun gwamnati yake sauka a kan masu matsakaicin hali, watau malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna da makamantansu. An ɗauki ƙaramar hukumar Guri ta masarautar Haɗejiya a matsayin misali, domin a irin wannan wuri ne aka fi ganin bambanci tsakanin wanda hannun hukuma yake iya kai wa ga samunsa da wanda ba ya iya kai wa.

Waiwaye

A zamanin En'e, haraji da jangali su ne ginshiƙin baitulmali. Dagatai da masu unguwanni ke tarawa, kuma sau da yawa ba a duban ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Wannan ya sa soke haraji ya zama babbar maganar siyasar NEPU, daga baya kuma PRP. A shekarar 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Haɗejiya take ciki har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. A lokacin kuɗin man fetur na shigowa, don haka giɓin bai fito fili ba.

Da farashin mai ya faɗi, sai gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. Gwamnatin Babangida ta biyo da shirin SAP a 1986, aka karya darajar naira. Haka kuma a 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A kowane karo, albashi ne ya fara zagwanyewa.

Haraji Uku a Kan Mai Albashi

Na farko shi ne harajin da ake yanka tun kafin albashi ya shiga hannu, wanda yake shiga asusun jiha. Mai albashi ba shi da inda zai ɓoye samunsa, domin wanda yake biyansa shi ne yake yankan. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, sannan ta sa kashi 15 cikin ɗari a kan abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3, ta dinga hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Alal misali, a ɗauka malami yana karɓar naira 120,000 a wata. A shekara ya sami 1,440,000, za a sa masa haraji a kan 640,000, watau wajen 8,000 a wata, kafin a lissafa rangwamen fansho da na haya.

Na biyu shi ne harajin da ba a rubuta shi a takardar albashi, watau tsadar kaya. An ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma litar mai da take ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ɗan kasuwa yakan ƙara farashi ranar da kaya suka tashi. Mai albashi kuwa sai ya jira shekaru kafin a waiwaye shi.

Na uku shi ne ɗawainiyar da gwamnati ta sauke, dangi suka ɗora masa. Ƙididdigar hukumar ƙasa ta 2019 ta nuna kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna cikin talauci. Rayuwar mutanen Guri da Kadira da Musari da Adiyani ta rataya ne a kan fadama: shinkafa da su da kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma suka ƙara ɓarna. Idan gona ta nutse, ƙofar mai albashi ake ƙwanƙwasawa, a nemi kuɗin iri ko na magani. Ta haka malami guda ya zama baitulmalin gida goma.

Ina Adalcin Yake?

Ka'idar da masana tattalin arziki suka yarda da ita ita ce, kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa, kuma masu samu iri ɗaya su biya abu ɗaya. A nan ne matsalar take. Babban dillalin shinkafa ko riɗi ko kifi zai iya samun abin da ya ninka albashin malami na shekara a kaka guda, amma babu wata takarda da ke nuna samunsa. Haka mai jerin gidajen haya a Dutse ko Kano. A sama kuma, rahoton Oxfam na 2017 ya ƙiyasta dukiyar mutum 5 mafi arziki a Nijeriya a kan dala biliyan 29.9. Ke nan matakan dokar suna da kyau a rubuce, amma a aikace wanda sunansa ke cikin rajistar albashi shi ake kamawa.

Maganin wannan ba shi ne a koma ga harajin kai ba, domin masunci da ƙaramin manomi ba su ne suka tara abin da ake nema ba. Hanyoyi uku sun fi dacewa. Na ɗaya, jiha ta yi rajistar manyan filaye da gidajen haya, domin gini ba ya gudu. Na biyu, a ƙiyasta samun manyan dillalai ta hanyar ƙungiyoyinsu na kasuwa, a kuma soke ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa a kan hanya, waɗanda manomi ne yake biyansu a ƙarshe. Na uku, a dinga ɗaga iyakar naira 800,000 ɗin nan daidai da hauhawar farashi, in ba haka ba, cikin 'yan shekaru za ta zama suna kawai.

Kammalawa

Mutum yakan biya haraji da daɗin rai idan ya ga aikinsa. A ƙasar Guri aikin a bayyane yake: a yashe hanyoyin ruwa, a cire kachalla, a gyara jingar da ke kare gari, a wadata asibiti da magani. Duk nairar da aka kashe a waɗannan tana rage haraji na uku da ke wuyan mai albashi. Idan kuwa aka ci gaba da tsuke aljihu ta ɓangare ɗaya, ƙwararrun malamai da ma'aikatan jinya za su ci gaba da neman canjin wurin aiki zuwa birane, kuma 'ya'yan talakawan fadama ne za su ɗanɗana kuɗar hakan.