WASAN MANOMA DA YA KAI 'YAR ƘAUYE GA ZINARIYAR OLAMFIK

Duk wanda ya san karkarar arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Bichi zuwa Kunci, ya san ƙasa ce wadda gona ke jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai hannun manomi ya sami sarari. A lokacin ne ake jin kalangun 'yan dambe da gangar kokawa, yara kuma su cika dandali da langa a farin wata.

Manoman ƙasar Sikotilan, wadda ke arewacin Ingila, su ma suna da irin wannan hutu, sai dai su sanyi ne ke ba su shi. A da, idan hunturu ya kama, tafkuna suka daskare, ƙasa ta ƙi garma, sai su fita kan ƙanƙara su yi wani wasa da ake kira kalin. An sami wani dutsen wasan da aka rubuta shekarar 1511 a jikinsa, watau wasan ya haura shekara ɗari biyar ke nan.

Yadda ake yinsa ba wuya a faɗa. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum huɗu. Filin ƙanƙarar ya kai kamar mita 45 a tsawo, an zana da'ira a ƙarshensa. Kowane ɗan wasa zai durƙusa ya tura dutse biyu, dutse mai mariƙi wanda nauyinsa ya kusa kilo 20, yana ɗan murɗa shi don ya tafi yana lanƙwasa. Abokansa biyu na biye da dutsen suna goge ƙanƙarar gabansa da tsintsiya. Mai kallo na iya yin dariya, amma shara ba ta banza ba ce, gama tana ɗumama ƙanƙarar, dutsen ya ƙara nisa, ya kuma rage karkata. In an gama tura duwatsu 16, ƙungiyar da nata ya fi kusa da tsakiya ita ce da maki. Ana yin haka har sau goma, kamar turmi goma a bakin 'yan dambe. Shugaban ƙungiya shi ke tsara dabara, galibi kuma shi ke tura duwatsun ƙarshe, saboda haka yabo da zargi duk a kansa suke sauka.

A wannan matsayi ne Eve Muirhead ta yi suna. An haife ta a birnin Perth ran 22 ga Afrilu, 1990, ta tashi a ƙauyen Blair Atholl a gidan manoma. Mahaifinta, Gordon, ya wakilci ƙasarsa a wasan, 'yan'uwanta maza biyu kuma, Glen da Thomas, masu kiwon tumaki ne, amma duk da haka sun je Olamfik a 2018. Ta fara tura dutse tana da shekara tara. A 2007 ta ci gasar matasa ta duniya a ƙarƙashin wata, sa'an nan ta ci a 2008 da 2009 da 2011 tana shugabar ƙungiya.

Ɗaukaka ta zo mata da wuri, kuma ta zo da nauyinta. Tana da shekara 19 aka ɗora mata jagorancin ƙungiyar Biritaniya a Olamfik na hunturu na 2010 a Vancouver ta ƙasar Kanada. Wasa uku ta ci, aka cinye ta shida, ta koma gida hannu rabbana. Shekara uku bayan haka, a birnin Riga, ta doke Siwidin da maki 6 da 5 ta zama zakarar duniya, tana da shekara 22. A 2014 kuma ta samo lambar tagulla a Sochi ta ƙasar Rasha. Kowa ya ɗauka zinariya ta kusa.

Ba ta kusa ba. A Olamfik na 2018 a Koriya ta Kudu, a wasan neman tagulla da Japan, dutsen ƙarshe yana hannunta, in ya tafi daidai nasara tata ce. Ya kauce kaɗan, ya tura na Japan tsakiya, aka tashi 5 da 3. A shekarar nan aka yi mata aiki a ƙugu, domin yawan durƙuso a kan ƙanƙara ya ci mata gaɓa. A gasar duniya ta 2021 kuwa ƙungiyarta ta zo ta takwas, ba ta ma sami gurbin zuwa Olamfik ba.

Abin da hukumar wasan ta Biritaniya ta yi a nan ya isa a duba. Ba ta kori kowa ba, ba ta kuma lallashi kowa ba. Sai ta rushe ƙungiyar, ta tara mata tara, tana jujjuya su a gasa daban-daban, kowace ta nemi gurbinta da hannunta, har da ita Eve mai lambobin duniya. Daga cikinsu aka zaɓo biyar. Suka ci gasar Turai a watan Nuwamba, suka sami gurbin Olamfik a Holan a watan Disamba.

A Beijing ma da ƙyar suka haye zagayen farko, da nasara biyar da faɗuwa huɗu. A wasan kusa da na ƙarshe Siwidin ta zuba musu maki huɗu tun a turmin farko, amma suka farfaɗo suka ci 12 da 11. Ran 20 ga Fabrairu, 2022, suka sake haɗuwa da Japan, ƙasar da ta hana ta tagulla shekara huɗu da suka wuce, suka lallasa ta 10 da 3. Ita ce zinariya ɗaya tak da Biritaniya ta samu a wasannin. Mataimakiyarta, Vicky Wright, ma'aikaciyar jinya ce wadda ta yi aikin asibiti lokacin annobar korona. A watan Agusta na shekarar Eve ta ajiye tsintsiya, tana da shekara 32.

To, me ya riƙe yarinyar ƙauye shekara goma sha biyar a fagen duniya, har ta faɗi sau da yawa ta tashi? Bajinta tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Tun 1838 'yan wasan Sikotilan suka kafa babbar ƙungiya a Edinburgh, suka daidaita dokoki, har wasan kowane ƙauye ya zama iri ɗaya. Akwai gasar yara, da ta matasa, da ta manya, kowace na miƙa wa ta gaba. Akwai masu horarwa da likitoci da albashi, an kuma buɗe makarantar wasan a Stirling a 2017. An rubuta sakamakon kowane wasa, shi ya sa ake iya ba da labarinta da alƙaluma.

A nan ne bambancin yake da samarin Ɗambatta da Bichi. Dambe da kokawa da langa sun shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, gidan damben Kano kuma ba ya rabo da jama'a. Amma tsakanin dandalin ƙauye da wannan fage babu tsani. Ɗan damben da ya karye a hannu, maganinsa na aljihunsa ne, tarihin wasanninsa kuma yana bakin makaɗi. Malaman makaranta da jami'an wasanni na ƙananan hukumomi ba sa bukatar ƙanƙara kafin su shirya gasar yara ta gunduma mai doka ɗaya da littafin sakamako. Maƙwabta a Nijar sun yi wa kokawa haka tun 1975, da gasar takobi wadda jihohinsu ke karɓar baƙuncinta bi da bi.

Shi kansa kalin ya iso Nijeriya. A 2018 ƙasar nan ta zama ta farko a Afirka da ta shiga ƙungiyar wasan ta duniya, a 2019 kuma Tijani Cole da Susana Cole suka doke Faransa a gasar 'yan bibbiyu a Stavanger ta ƙasar Nowe. A watan Janairu na 2024 wasu matasan Nijeriya, waɗanda yawancin horonsu a kan daɓe suka yi shi a Legas saboda rashin filin ƙanƙara, suka shiga Olamfik na matasa a Gangwon ta Koriya ta Kudu, inda suka sha kashi a hannun yaran da suka tashi a kan ƙanƙara. Wadda ta jagoranci ayarin matasan Biritaniya zuwa wannan taro ita ce Eve Muirhead.