Ajaokuta kaɗai ba za ta sauko da farashin rodi a Zazzau ba

Akwai wani dattijo da muke majalisa ɗaya da shi bayan sallar isha'i, nan wajen Babban Dodo. Shekara biyu ke nan gininsa na tsaye a kan linta. Bulo ya hau, amma zubin dakin ya gagara, domin duk ran da ya tara kuɗin rodi ya aika a tambayo, sai a ce masa farashi ya ƙara gaba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Da Ajaokuta na aiki, da tuni na tare." Kowa a majalisar sai ya gyaɗa kai. Ni ma na daɗe ina gyaɗawa, kuma har yau ban ga laifin mai wannan zato ba. Amma Baba, a gafarce ni, lissafin bai cika ba.

Gaskiyarsa ta farko a fili take. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, a 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi, da niyyar a riƙa fitar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe duk shekara a zangon farko. Sama da shekara arba'in, babban tanderun narkar da tamar bai taɓa ganin wuta ba. Wannan abin takaici ne ga kowane ɗan ƙasa. Inda na rabu da Baba shi ne zaton cewa ranar da aka hura tanderun, ranar rodi zai yi araha a Sabon Gari.

Mun taɓa gwada irin wannan, kuma a nan kusa da mu. A 1982 aka buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda Japanawa suka gina, mai iya murza tan dubu 210 a shekara, tare da 'yan'uwanta biyu a Jos da Osogbo. Tsarin shi ne a narka ƙarfe a Aladja kusa da Warri, a curo shi, a kawo curin Katsina a murza shi ya zama rodi. Tsakanin Aladja da Katsina akwai fiye da kilomita dubu, ga shi Katsina ba ta da layin dogo. Kowane curi sai ya hau tirela ya ratsa ƙasar nan tun daga bakin teku. Ran da Aladja ta yi tari, Katsina ta kwanta da zazzaɓi. Injuna na nan lafiya ƙalau, ma'aikata na zuwa, abin murzawa ne babu. Daga baya gwamnati ta sayar da ita ga kamfanin Dana. Masana'anta ce sukutum a maƙwabtanmu, amma hanya ta fi ƙarfinta.

Rodi kaya ne mai nauyi, kuma nauyin ake biya. Sanda ɗaya mai kaurin milimita 12, tsawon mita 12, ta haura kilo goma. Wajen sanda 94 ke cika tan guda. Mafi yawan rodin da ake murzawa a Nijeriya yau ba daga tama yake fitowa ba, daga tsohon ƙarfe ne. Yaron jari bola da ke turo baronsa cikin lungunanmu, yana sayen karyayyen gadon ƙarfe da ruɓaɓɓen bodin mota, shi ne farkon sarƙar. Ya kai wa 'yan gwangwan, su ɗora a sikeli, su tara har ya cika mota, a nufi Kudu da shi, wajen Ikorodu da Ogijo inda masana'antun narkarwa suka yi yawa. Can za a narka shi da wutar lantarki mai tsada, a murza, sannan ya sake hawa tirela ya juyo Arewa, tafiyar fiye da kilomita 800. Ƙarfenmu ne, amma sau biyu yake biyan kuɗin mota kafin ya shiga ginin mai shi. Kowace litar man dizal, kowane ramin da ya fasa taya, kowane shingen da direba ya miƙa hannu, duk a kan sandar rodin Baba suke sauka.

Ko ya iso Zariya ma tafiya ba ta ƙare ba. Tirela ba ta shiga lungun Birni. A shago za a sauke, a lanƙwashe sanda biyu, a ɗora wa a-kori-kura, ta shigo ta Ƙofar Doka ta tsaya inda hanya ta ƙare mata. Daga nan sai amalanke, ko samari biyu su saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, suna "a ba da hanya", bakin rodin na kartar katangar mutane. Kowane hannu da ya taɓa shi sai an sallame shi. Shi ya sa ma ban cika saurin zagin masu shago ba, kodayake a cikinsu akwai masu miƙa maka siririn rodi da sunan mai 12. Wanda ke shakka ya sa a ɗora masa sanda ɗaya a sikeli kafin ya biya.

To, a ce gobe Ajaokuta ta tashi. Daga can zuwa nan wajen kilomita 500 ne, ta Lokoja da Abuja da Kaduna. An rage hanya, na yarda. Amma da me za a ɗauko kayan? Layin dogon da ya ratsa Ajaokuta, wanda aka buɗe a 2020, daga Itakpe ya nufi Warri, wato Kudu ya fuskanta. Na Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, a Rigasa ya tsaya. Tsakanin Itakpe da Abuja babu dogo. Na Kaduna zuwa Kano da zai bi ta Zariya, a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa a majalisa ba: irin tanderun Ajaokuta na buƙatar wani nau'in kwal da galibinsa sai an shigo da shi daga waje. Dala dai tana nan cikin lissafin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Zariya ta san daɗin dogo tun kafin a haifi kakannin wasunmu. Jirgi ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. Daga Zariya ƙaramin layi ya tashi zuwa Jos, har aka rufe shi a 1957, daga Zariyar kuma wani ya nufi Gusau da Ƙaura Namoda. Garin da ya zama mararrabar auduga da gyaɗa da kuza, yau ƙarfen gininsa a bayan tirela yake zuwa.

Ban ce a bar Ajaokuta ta ci gaba da tsatsa ba. Manyan ƙarafunan gadoji da na rumfunan masana'antu suna buƙatar irinta. Amma rodin dakin ɗin Baba ya fi jiran abubuwa na kusa: wuta tsayayya da iskar gas, don a narka gwangwan ɗinmu a nan Arewa, da jirgin kaya mai sauke lodi a tashar Sabon Gari. Bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, ta ƙasar Zazzau ya biyo.

Don haka Baba, idan masu neman ƙuri'a suka sake zuwa majalisa da alkawarin tayar da Ajaokuta, a yi musu addu'a, sannan a tambaye su yaushe dogo zai haɗa Itakpe da Abuja, kuma yaushe jirgin kaya zai tsaya a Zariya.