Agwagwar da Ta Ƙi Gudun Ƙanƙara

A tsakiyar Janairu, gefen tafkin Konstans, wanda Jamus da Siwizaland da Ostiriya suka yi wa zobe, kan wayi gari a daskare. Tsakiyarsa ce ba ta yarda, don rabon da ƙanƙara ta rufe shi ruf tun 1963. Daidai inda ƙanƙara ta ƙare ruwa ya fara, nan agwagin daji ke cincirindo. Masu kallon tsuntsaye kuma na tsaye a tudu da madubin hangen nesa, haƙora na haɗuwa, suna ƙirge.

Dubi namijin nan mai koren kai da farin zobe a wuya, tsaye kan ƙanƙara, ƙafa ba takalmi. Ni da hunturun Kano kaɗai ke sa ni rigar sanyi biyu, abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ashe sirrin a ƙafar yake. Jijiyar da ke saukar da jini mai ɗumi tana manne da wadda ke dawo da mai sanyi, sai su yi musaya a hanya. Ɗumin ya koma jiki, tafin ƙafa ya zauna da sanyinsa, amma bai kai ga daskarewa ba. In abin ya tsananta, sai ya naɗe ƙafa ɗaya cikin gashin ciki, ya cusa baki a fiffike. Gindin wutsiyarsa kuma akwai 'yar jakar mai, yana lakatowa da baki yana shafe gashinsa tsaf, kamar ango ranar ɗaurin aure.

Barcinsu ma da lissafi. Waɗanda ke gefen jere sukan bar ido ɗaya a buɗe, wanda ke kallon waje. Ai dole, tunda ƙanƙara ta shimfiɗa wa ɗan'uwan dila, malamin daji, hanya har inda suke kwance.

Akwai wata ƙanwar agwagin nan da ba ta da wannan taurin kai, Turawa na ce mata gargani, namijinta na da farin zane saman ido kamar an ja masa gira da alli. Ita ta yarda da cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Tun kafin sanyi ya kankama take tashi, ta ƙetare Bahar Rum da Sahara, ta sauka a tafkin Chadi da fadamun Haɗejiya da Nguru, ta saje da kirinjijiya da dinya. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: kirinjijiya na fito, shi kuwa namijin gargani ƙara yake yi kamar ana kankarar matsefi da farce.

Baƙo raɓa ne. Wajen watan Maris take juyawa arewa, kafin shamuwa ta iso da albishirin damina.